Kirarin Birnin Babu, Gagara Yunwa

Ranka ya daɗe, Birnin Babu! Allah ya ja zamaninka, gagara fari, gagara fara, mai ganuwar tawada, mai rumbun da gara ba ta taɓa ci ba, uban birane wanda ba a taɓa haƙa kabarin jariri a bayan garinsa ba. Shekara ɗari biyar da ɗoriya kana kan gado, ba a ji talakanka ya kai ƙara ba, ba a ji wata mata ta kwana bakin rijiyarka tana jiran ruwa ya taru ba. Gobir ta ga Alkalawa ta ga Tibiri, Katsinawa sun bar Katsina sun zauna Maradi, Faransa ta zo ta koma, kai kuwa kana nan yadda aka zana ka, ko ƙyaure ɗaya bai ɓalle ba. Mu mutanen Gidan Sori, a nan ƙuryar ƙasar Gidan Rumji kusa da iyaka, mun daɗe muna cin albarkacinka ba mu yi godiya ba. Yau za a biya bashi.

Asalin mai girma ba ya ɓuya. A shekarar 1516, a garin Luben na ƙasar Beljiyam ta yau, aka buga wani ɗan littafi da Latinanci, wanda wani lauya ɗan Ingila mai suna Thomas More ya rubuta. Ya ɗauko kalmomi biyu na Girkanci ya haɗa, ya raɗa wa tsibirinsa suna Yutofiya, wato wurin da babu shi, wanda in an ɗan karkata harshe sai ya koma wuri mai kyau. Wane uba ne ya taɓa yi wa ɗansa irin wannan gata ranar suna? Bai tsaya nan ba. Kogin da ya ratsa babban birnin ya sa masa sunan da ke nufin mara ruwa, matafiyin da ya kawo labarin kuma, Raphael Hythloday, ma'anar sunansa mai tallan shirme. Daga bakin wannan amintaccen shaida duniya ta karɓi hoton al'ummar da ba ta da aibi, kuma har gobe ba a sami wanda ya je ya ƙaryata shi ba.

Ba a samu ba ne saboda wata baiwa da ya kamata a riƙa tunawa da ita kowace shekara. Abokin More, Peter Giles na Antwerp, ya rubuta a wasiƙar da aka buga tare da littafin cewa daidai lokacin da matafiyin ya zo faɗin inda tsibirin yake, sai wani bara ya matso yana yi wa More raɗa, wani kuma cikin mazauna wurin ya yi tari mai ƙarfi, aka rasa jin kwatancen. Madalla da wannan tari, garkuwar birni, wanda ya fi dakaru dubu! Da an ji hanya, da tuni samarinmu sun sayar da akuyar uwa sun hau mota. Da tuni akwai zangon Hausawa a bakin ƙofarka, da mai shayi da mai yankan farce da ɗan ga-ruwa, ana ta tambayar nawa tiyar hatsi, ana goyon yara masu zazzaɓi zuwa likita. Tari guda ya tsare ka daga babban abin da ke lalata gari, wato mutane.

Kakanka Aflatun ne, malamin Atina, wanda ya tsara jamhuriyarsa wajen shekara 375 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Shi ya fara gano cewa gari ba ya zama lafiya sai shugabanni sun ba talakawa wata tatsuniya mai daraja: a ce musu an cuɗa zinariya a jikin masu mulki, azurfa a jikin mayaƙa, baƙin ƙarfe da tagulla a jikin manoma da masu sana'a. Dubi tausayi! An hutar da manomi daga tambayar me ya sa, amsa tana cikin jininsa. Ya kuma share garin daga mawaƙa, bai bar kowa ba sai masu waƙar bauta da masu yabon mutanen kirki. Gwanin da ya iya kwaikwayon kowace murya, a shafa masa turare, a ɗora masa kambi, a raka shi wani gari. Bayansa Al-Farabi, wanda ya rasu a Dimashƙa wajen 950, ya kawo ka cikin Larabci da sunan Madinatul Fadila, ya kwatanta ka da lafiyayyen jiki, shugaba shi ne zuciya, kowace gaɓa da aikinta. Malamin ya gindaya wa shugaban sharuɗɗa masu tsauri, ya so gaskiya, ya ƙi zalunci, ya raina dinari da dirhami. Magada na ofis, da yake masu jinƙai ne, sun riƙe maganar zuciya da gaɓɓai, sun sauke wa shugaba sauran nauyin. Mu nan tuni muka san gaɓar da muke. Mu ne ƙafa, mai ɗaukar jiki duka, wadda ba a taɓa wahalar da ita da shawarar inda za a ba.

To, a dubi tsarin tsibirin kansa, a ga abin al'ajabi. Birane 54, harshe ɗaya, tsari ɗaya, tufafi iri ɗaya, wanda ya ga guda ya ga duka. Wane sauƙi ga mai rubuta rahoto! Ina za a haɗa da ƙasarmu mai wuyar sha'ani, inda gonar jigawa daban, ta fadamar Gulbin Maradi daban, Bagobiri da zanensa, Bakatsine da nasa, Bafillace da sandarsa, Buzu da rawaninsa, kowa da abin da ransa ke so? A can aiki awa shida ne a yini, ƙarfe takwas a kwanta. Ƙofa ba ta da kuba. Kowace shekara goma a jefa ƙuri'a a sauya gidaje, don kada zuciya ta yi sabo da inda aka binne cibiya. In manyan gida sun haura 16, a kwashe rarar a kai gidan da ke da giɓi, ba sai an tambayi uwa ba. Babu lungu, babu wurin ɓuya, kowa a idon kowa dare da rana. Mai son ziyartar ɗan'uwansa a wani birni sai ya nemi takardar izini mai ɗauke da ranar dawowa. In ya fita ba takarda a hukunta shi, in ya kuma a mai da shi bawa. Ka ji maganin ci-rani tun daga tushe, wanda da an kawo mana shi da babu saurayin da zai bar tsohuwa ya nufi Kano ko Agadas ko Libiya don kawai rumbu ya ƙare a watan uku.

Bayi kuwa, ranka ya daɗe, akwai su, don kammalallen gari ba ya rasa mai kwashe ƙazanta. Kowane gidan gona yana da biyu. Su ke yanka dabba a bayan gari, don kada ganin jini ya busar da zuciyar ɗan gari mai taushi. Amma dubi karamci: sarƙar ƙafarsu ta zinariya ce! A wace daula aka taɓa girmama bawa haka? Zinariyar da ta rage kuma da ita ake ƙera kaskon fitsari, don jama'a su raina ta. Ina ma yaranmu da suka kwarara Jado tun 2014, suna shiga rami ana ciro wasu ana barin wasu, sun karanta wannan babi. Da sun gane cewa abin da suke mutuwa a kansa kayan bayan gida ne, sun dawo sun zauna da yunwarsu cikin mutunci.

Akwai wata fatawa ta tsibirin da ta fi kowace yin albarka. In mutanensa sun yi yawa, sai su haye babban yanki su zauna a ƙasar da suka ga masu ita ba sa nomawa, in masu ƙasar sun ƙi, to yaƙarsu adalci ne. Wannan hikima ta iso mu da ƙafarta. Faransa ta zo da dokar cewa duk ƙasar da babu kowa a kai, kuma ba ta da ubangida, ta hukuma ce, sai ga saurar da manomi ya bari ta huta da makiyayar da Bafillace ke dawowa kowace damina sun wayi gari marayu, an sama musu uba. Sarkin da ya kafa tsibirin, Utopus, sai da ya sa aka haƙa mil 15 na ƙasa kafin ya raba shi da maƙwabta. Mu an yi mana aikin ba tare da an ɗaga ko sungumi ba. Tsakanin 1898 da 1906, a Paris da Landan, alƙalami ya bi ta tsakanin wa da ƙane, ya bar Tibiri a nan Sabon Birni a can, kuma duk lokacin da manya suka ga dama, kamar a 2019 da 2023, sai a rufe bakin tekun, mu zama tsibiri sosai, buhu ya yi tsada, mu ɗanɗana kamala.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mahaifinka ya yi kurakurai biyu, kuma babban abin yabo ga magada shi ne yadda suka gyara su.

Na farko, ya ɓata rabin littafinsa kan Ingila ta zahiri. Ya sa matafiyin yana cewa tumaki, dabbobi masu sanyin hali, sun koma cin mutane, domin manyan masu ƙasa har da wasu shugabannin coci sun killace gonaki sun mai da su makiyaya saboda kuɗin ulu, sun kori manoma, manoman suka koma bara da sata, aka riƙa rataye su, wani lokaci ashirin a gungume ɗaya. Wannan ɓangare ba shi da ladabi. Yana nuna wanda ya ci, yana faɗin abin da ya ci. Magada sun kauda kai daga gare shi, kuma sun kyauta. Wa zai ɓata takarda mai sheƙi da labarin gonar da aka jinginar a bazara saboda tiya ashirin, kaka ta zo ba a fanshe ba, ta koma hannun alhajin birni? Wa zai tsaya lissafa gandun da aka raba wa ƴaƴa takwas har kowa ya tashi da abin da bai kai tafiyar jaki ɗaya ba, ko gamanar da aka karɓe daga hannun mata aka ce musu su huta a gida? Irin wannan magana tana da masu ita, suna da suna, wasu ma suna zaune a sahun gaba ranar taro. Mai tsara birnin gobe ya fi ƙarfin tsegumin yau.

Kuskure na biyu ya fi muni: ya faɗi gaskiya a cikin sunan. Ya ce wurin babu shi, har ya rufe littafin da nuna cewa abubuwan tsibirin fata ne yake yi, ba ya sa ran ganinsu. Mutumin da ya kai matsayin wazirin Ingila, kafin Sarki Henry na Takwas ya sa a sare masa kai a 1535, bai san cewa ba a neman kuɗi da irin wannan magana ba. Magada suka ɗauki birnin nan da babu shi, suka sa masa ranar buɗewa, suka yi masa kasafi, suka saya masa farar kat-kat mai eriya. Tun daga ranar ka daina zama tatsuniya, ka zama porje.

Mu shaida ne, don ka sha sauka a ƙasarmu, kowane zuwa da sabon rawani. Shekara biyu da samun mulkin kai, a 1962, gwamnatin Diori Hamani ta kafa hukumar bashi da gama kai ta UNCC da kamfanin sayen gyaɗa na SONARA, aka kuma baza masu wayar da kai ƙauyuka don su farkar da manomin da ke tashi tun asalatu. Aka koya masa gama kai, shi da ya gaji gayya kaka da kakanni. Aka hutar da shi daga ciniki, farashi ya riƙa zuwa a yanke daga Yamai. Wasu marasa godiya suka riƙa ɗora buhu a jaki da dare suna tsallaka iyaka don ƴan daloli. Fari ya zo a 1973, cuta ta bi gyaɗar a 1975, dalar buhuna ta baje. A nan ma tsarin bai yi kuskure ba, ranka ya daɗe. Sama ce ta saɓa alkawari, gyaɗa kuma ta ci amana.

Sai ga zuwanka mafi ƙasaita. Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya ɗauko aikin gina al'umma mai raya ƙasa, mai tsayuwa kan ƙafa biyu, samariya da kwaperatib. Aka jera majalisu hawa biyar, daga ta ƙauye har ta ƙasa baki ɗaya, don maganar talaka ta taso daga gindin bishiya ta isa fadar shugaba. Tsani ne da aka sassaƙa da gwaninta: umarni na saukowa cikin yini guda, kuka kuwa na hawa a natse, yana hutawa a kowane mataki, har ya isa sama ya zama godiya. Sarkin samari da jama'arsa suka gina azuzuwan lakwal, suka share hanya, suka jeru cikin rana suna tafi tun hantsi don baƙon da zai wuce da la'asar. Da aka kai kundin tsarin gaban jama'a a watan Yunin 1987, sama da kashi 99 cikin 100 suka ce i. Ko matafiyin More bai yi ƙarfin halin ba da labarin haɗin kai irin wannan ba. Shekara huɗu bayan haka, a taron ƙasa na 1991, aka nemi waɗannan masu i ɗin aka rasa, wanda ke nuna irin kunyar mutanenmu, ba sa son a yabe su a bainar jama'a.

A tsakiyar wannan zamani ne Porje Maradi, da kuɗin Bankin Duniya, ya kawo mana manomin da babu kamarsa. Ana ɗaukar saurayi da matarsa a kai su cibiyar horo su yi damina guda, su dawo da shanun noma da garma da amalanke da taki, duka bashi. Gonar wannan manomi shararriya ce tas, layi a miƙe, babu kututture ko ɗaya da zai kama bakin garma. Kyanta a hoto ba ya misaltuwa. Iskar farkon damina ma ta yaba, don ta sami fili ta riƙa kwasar rairayi tana binne shuka, a sake shuka sau biyu sau uku, iri ya ƙare, bashi na nan daram. Itatuwan da aka share kuwa ba a yi asararsu ba, tunda an tanadi wasu a leda, a dasa ranar biki gaban baƙi, a ɗauki hoto, akuya ta ƙarasa aikin. Doka kuma ta tsare itace da kyau: na hukuma ne ko da a tsakar gonarka ya tsiro, in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Saboda haka mai hankali ya riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama ɗan gwamnati.

A nan dole in kai ƙarar mutanenmu gabanka, don sun yi maka abin da bai dace ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maradi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara da ransu, saiwarsu na nan ƙarƙashin ƙasa tana jira. Yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari, ta zo ta wuce, manoma suka fara barin reshe biyu uku a kowane kututture suna gyara masa fuska. Suka sa wa abin suna sassaben zamani. Daga gona zuwa gona, daga bakin wannan zuwa kunnen wancan, har ƙauyuka irin Dan Saga ta ƙasar Agiye suka kafa nasu masu tsaron itace. Gawo da kalgo da sabara da aduwa suka dawo. Masu binciken da suka duba hotunan sama sun ƙiyasta kadada miliyan biyar da itatuwa wajen miliyan 200 a jihohin Maradi da Damagaram. Dubi rashin tarbiyya! Ba aza harsashi, ba yanke kintinkiri, ba jawabin minista, ba bashi. Gonakin ba su da kyan gani, wannan itace nan wancan can, babu biyu masu tsawo ɗaya. Da wuƙa da gatari kawai, mutanen baƙin ƙarfe da tagulla suka aikata abin da ba su nemi izinin masu zinariya ba. Sa'a ɗaya, daga baya an kama abin an shigar da shi rahoto, an yi masa taron bita, ya sami mutunci.

Amma inda ka nuna cikakkiyar sarauta, gagara yunwa, shi ne 2005. Fari da fara sun taɓa amfanin 2004, tiya ta hau inda talaka ba ya kaiwa, mata suka koma tafasa da jiga da anza. Kasuwar Maradi kuwa cike take da hatsi, abin sha'awa, buhu kan buhu. Masana suka ce kada a raba kyauta, za a ɓata tarbiyyar kasuwa, a dai sayar da rahusa ga wanda ba shi da ko dala. Aka tsare mutuncin kasuwa wata da watanni, yayin da tantunan likitocin MSF ke cika da yara masu siraran hannuwa. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar, mutane ma da alamar ƙoshi. Ga magana irin ta manya! Jumla guda ta ciyar da jiha sukutum, ba a buɗe ko rumbu ɗaya ba. Da likitocin suka nace da auna hannun yara da ɗan zarensu mai launi, suna samo abin da aka riga aka ce babu, aka dakatar da reshensu na Faransa a Maradi a 2008, lissafi ya daidaita.

Babu abin da ya kai ranar buɗewarka tsufa da ƙuruciya a lokaci guda. A Alma-Ata, 1978, aka ce lafiya ga kowa kafin 2000. Da 2000 ta iso aka ɗaga hannu da muradu takwas zuwa 2015. Da 2015 ta iso, maimakon a tsaya tone-tone irin na ƙananan mutane, aka ninka alheri, muradu 17 da ƙudurori 169, yunwa kuma za ta kwashe kayanta kafin 2030. Maƙwabtanmu na kudu sun yi hangen 2010, sun yi na 2020. Mu muna da namu na 2035. An yi mana Tazarce, an yi mana Farfaɗowa, ƴan Nijar sun ciyar da ƴan Nijar a kan alluna tun daga Gazawa har Gidan Rumji. An shimfiɗa mana dogo daga Yamai zuwa Dosso, aka yi bikinsa a 2016, kuma a tarihin jiragen ƙasa na duniya babu mai tsabtar suna irin nasa: bai taɓa makara ba, bai taɓa kaucewa ba, bai taɓa take ko tunkiya ba, babu fasinjan da ya taɓa kuka da shi. Tsofaffinmu, da ba su san darajar haƙuri ba, sai su ce an ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa. Su ba su gane ba ne cewa bikin da ya sauko ƙasa yana ƙarewa, a bar mutane da wanke-wanke.

Ina kuma zan bar fadawanka, masu ɗauke da tutarka, ƙwararrun da ke iya fahimtar ƙauye cikin awa uku, har da lokacin gaisuwa da na hoto? Sukan iso da hantsi, gilashi a rufe don kada ƙura ta gurɓata nazari. A shimfiɗa tabarma, a tara mata gefe guda maza gefe guda, a tambaye su buƙatunsu, su faɗa, a duba takarda a ga buƙatar da aka zo da ita daga Yamai, a taimaka musu har su gano cewa ita ce tasu. Kafin azahar an kafa kwamiti mai shugaba da ma'aji da magatakarda, tsohon da ke cikin kwamiti shida ya shiga na bakwai. Sauran aikin a otel ake yinsa, cikin sanyi, da kuɗin zama da ruwan gora, inda ake kawar da talauci zango biyu, a tafi shan shayi, a dawo a kawar da ragowar. In shekara uku ta cika kuɗi ya ƙare, famfo ya tsaya don wani ɗan ƙarfe da ba a sayar da shi ko a Maradi, sai a rubuta cewa jama'a ba su rungumi aikin ba. Ba a taɓa samun porjen da ya faɗi ba, ranka ya daɗe. Jama'a ce ke yawan faɗuwa.

Ko ɓarayin daji ba su iya taɓa ka ba, don ba su cikin jadawali. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa ƙasar Gidan Rumji, da ƴaƴa a baya da tabarma a ka. Ƙauyukan bakin iyaka, cikin gaggawa irin ta jahilai, suka buɗe rumbu suka raba ɗan abin da ke ciki tun kafin a yi nazari. Da manya suka iso aka gyara lamarin da suna: matsugunan Dan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori aka kira su ƙauyukan samun dama. Wanda bindiga ta raba da gidansa jiya, yau ga shi mai dama. Mu da muke nan, ana kore mana shanun noma da dare, ana ɗauke mutum a nemi miliyoyi, gonar nesa ta gagara zuwa, muna da tabbacin cewa duk wannan yana faruwa ne a wajen ganuwarka, kuma babu shafin da ya jiƙe.

Yanzu roƙo ya rage, uban marayu, inuwar da ba ta gushewa don ba itace ya yi ta ba. Mun ji Tarayyar Afirka ta tsayar da 2063, kuma muna jinjina wa wanda ya zaɓi wannan shekara, don ya yi wa masu sa hannu adalci, babu ɗayansu da za a tsayar a yi wa tambaya. Jaririn da aka haifa a Gidan Sori daminar nan zai isa can da furfura ɗaya biyu, ya karɓi alkawarin hannu da hannu ya miƙa wa ɗansa. Abin da muke nema shi ne, in lokacin ya matso, a ɗaga ranar da wuri, kada a bari ta zo ta same mu ba shiri. Sannan in za a aiko da sabon allo na bakin gari, a taimaka a yi shi da ƙarfe mai kauri, mai ƙafa biyu dogaye. Maƙeranmu sun ce na zuwan baya ya cika laushi, ƙyauren garken awaki kawai yake yi, ba ya yin hauya.